Na sa wa Civic ɗina gajeren sifirin, yanzu bayanta na tsalle a kwana

MaiCivic08:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙarƙashin mota, don abin nan ya fara hana ni sukuni.

Motata Honda Civic ce ƙirar 2008, mai ƙofa huɗu, inji 1.8, ta ci kilomita 168,000 da 'yan kai. Tayoyinta 205/55 R16 ne, girman da ta zo da shi. Shekara huɗu ke nan tana hannuna, kuma ina ji da ita ƙwarai. Abu ɗaya ne ya daɗe yana damuna. Idan na shiga kwana da ɗan gudu sai ta kwanta gefe guda, har sai na dogare da ƙafar hagu don kada in zame a kujera. In na taka birki da ƙarfi kuma sai goshinta ya duƙa ƙasa. Ga sararin nan da ke tsakanin taya da bodi, yatsu huɗu suna shiga ba su taɓa komai ba, ni kuwa ba ya yi mini kyau a ido ko kaɗan.

Wata uku da suka wuce na sayi gajeren sifirin guda huɗu, irin wanda ake sauke mota da shi. Ba yankakke ba ne, sabo ne fil a kwalinsa, an ƙera shi don wannan ƙirar, kuma takardar da ke ciki ta ce zai sauke gaba da kimanin milimita 35, baya da 30. Kafin a ɗaura na ɗauki tef na auna daga tsakiyar rim zuwa leɓen bodi a kowace kusurwa, na rubuta a takarda. Gaba milimita 372, baya 368. Bayan mako biyu na sake aunawa a wuri ɗaya, da rabin tanki kamar na farko, na samu gaba 334, baya 335. Wato ta sauka da 38 a gaba, 33 a baya, ba nisa da abin da suka ce.

A gabana aka yi aikin. Mota tana sama a kan lif, tayoyi na reto, aka kwance, aka matse tsohon sifirin aka fitar, aka sa sabo, aka ɗaure komai tam tana can sama, sannan aka sauke ta. Shokazoba ba a taɓa shi ba, wanda ta zo da shi ne har yau, don mai aikin ya duba ya ce ba ya yoyon mai. Da na yi maganar alaimen, wato saita tayoyi da na'ura, sai ya ce in ɗan zagaya da ita in gani, in sitiyari a miƙe yake ba ya ja gefe to babu buƙata. Na zagaya, a miƙe yake, na tafi abina.

Makon farko gaskiya na ji daɗi. Akwai wata doguwar kwana mai santsin kwalta a hanyata ta zuwa aiki, wadda a da nake bi da 60 ina jin motar tana kishingiɗa. Sai ga ni ina bin ta da 70, motar tana zaune daram. Sitiyarin ma ya ƙara kaifi, da ka ɗan murɗa ta amsa. Na ce lallai abin da nake nema ke nan tun tuni.

To, akwai wata kwanar ta biyu gaba kaɗan, wadda a tsakiyarta aka taɓa yanka kwalta aka like, wurin ya ɗan taso kamar kaurin yatsa biyu. A da ko jin sa ba na yi sosai. Yanzu da tayar baya ta hau shi ina cikin kwanar sai in ji dum a ƙarƙashin kujerar baya, bayan motar ya yi tsalle ya goce waje kamar taƙi ɗaya kafin ya sake kama ƙasa. Ranar da abin ya tsorata ni sosai an yi yayyafi, ga iyalina a ciki, yara biyu a baya da kaya a but. Ban wuce 55 ba, amma bayan ya fizge har sai da na mayar da sitiyari da sauri. Mai ɗakina ta riƙe ƙofa ta kalle ni, ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Tun ranar nake bin wurin da 40.

Sannan in na haura tudun rage gudu, motar ba ta zama nan take. Sai ta yi sama da ƙasa sau biyu ko uku kafin ta natsu. Jiya kuma na durƙusa na shafa tayoyin baya, na tarar gefen ciki ya cinye fiye da na waje, kuma in ka shafa ta wannan fuskar sumul, ta ɗaya fuskar kuma yana kartar hannu kamar haƙoran zarto. Tayoyin nan ba su kai wata takwas ba. Wani gunji ma ya fara tasowa daga baya in na kai 80.

Abin da nake son sani: sifirin ɗin ne bai dace ba, ko wani abu ne aka bari ba a yi ba? In cire shi in mayar da tsohon, tunda yana nan ajiye, ko akwai gyaran da zai sa in samu zaman nan da na ji a makon farko ba tare da tsallen ba? Ina son yadda motar ta koma, amma ba zan ci gaba da ɗaukar yarana a motar da ban san abin da bayanta zai yi ba.

TsohonBakanike:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kyauta da ka yi awo ka kuma faɗi yadda aka yi aikin dalla-dalla, don amsar tambayarka duk tana cikin bayaninka. Kada ka yi saurin ɗora wa sifirin laifi. Rabin aiki aka yi maka.

Bari in fara da tsallen, tunda shi ne mai haɗari. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, amma shi kaɗai ba ya san tsayawa. In ka danna shi ka saki zai yi ta lilo. Shokazoba shi ke kashe wannan lilon. Naka ya yi kilomita 168,000, ya riga ya gaji tun kafin ka sa sabon sifirin. Rashin yoyon mai ba shaidar lafiya ba ne, na sha cire shokazoba busasshe ƙayau a waje amma a ciki babu sauran ƙarfi. Ka tuna ka ce motar tana kwanciya a kwana tana duƙawa a birki? Ina kyautata zaton wani ɓangare na wannan tun asali gajiyar shokazoba ce. Da tsohon sifirin mai laushi yana ɗan iya riƙewa, yanzu ka haɗa shi da mai tauri wanda ke turo mota sama da ƙarfi, ya kasa. Shi ya sa take sama da ƙasa sau uku bayan tudu. Mota mai lafiya sau ɗaya take yi ta zauna.

Dum ɗin da kake ji kuwa, a jikin sandar yawancin shokazoba akwai wata roba mai kama da soso, galibi rawaya, tana ɓoye a cikin rigar da ke kare sandar daga ƙura. Aikinta ta tare mota idan sifirin ya matsu har ƙarshe, kada ƙarfe ya bugi ƙarfe. Tsakanin inda mota take zaune da inda za ta taɓa robar nan akwai 'yar tazara, kuma ba ta da yawa tun daga kamfani. Kai ka cinye milimita 33 daga cikinta. Ka ƙara yara da kaya, ta sake sauka. Ka shiga kwana, nauyi ya koma tayar waje, ta sake sauka. Lokacin da ka iso wurin likin nan babu sauran inda taya za ta shige, sai ta daki robar. A wannan ƙiftawar ido kamar babu sifirin ne a wannan kusurwar, bodi ne ke tashi gaba ɗaya, taya ta saki kwalta. Tayar da ba ta danne da ƙasa ba ba ta riƙe komai, shi ne gocewar da ka ji.

Ga gwajin da za ka yi da kanka. Ka samu igiyar roba irin wadda masu wayarin ke ɗaure waya da ita, ka ɗaga rigar ƙurar, ka ɗaura ta a sandar shokazoba, ka tura ta ƙasa har ta taɓa bututun, mota tana tsaye a ƙafafunta. Ka yi tafiyarka ta yau da kullum. In ka dawo ka duba inda aka tura ta. In ta kai jikin robar a tafiyar da babu lodi, to ka san kana yawo a kan roba ne.

Sai maganar ɗaure noti tana sama. Wannan kuskure ne da nake gani kullum. Yawancin bushin ɗin da ke hannuwan ƙafar mota roba ce da aka like da ƙarfe ciki da waje. Ba ya juyawa a kan kusa, murɗewa yake yi ya dawo. Dole a ɗaure shi a daidai tsayin da mota za ta zauna, don ya kasance a sake lokacin da take tsaye. In aka ɗaure taya na reto, da an sauke mota ya riga ya murɗe, kuma haka zai kwana ya wuni har ya tsage. Waɗanda ba a kwance ba ma suna nan a saitin tsohon tsayi. A sassauta su duka, a sauke mota a kan tayoyinta, a girgiza ta, sannan a ɗaure da awon ƙarfin da littafin motar ya faɗa.

Alaimen kuma ba zaɓi ba ne. Duk motar da tsayinta ya canja saitin tayoyinta ya canja, ko da sitiyari a miƙe yake. In ɓangarori biyu suka karkace daidai da juna mota ba za ta ja gefe ba, amma tana cin taya. Haƙoran zarton da ka shafa alamar to-in ko to-awut ne da ya fita daga ƙa'ida, wato fuskar taya ba ta kallon inda mota ta dosa. Cinyewar gefen ciki kuma kamba ce, kan taya ya jingina ciki. A irin motarka ana iya saita to-in na baya, amma kambar baya ba ta da wurin saiti daga kamfani, sai an sa hannun sama mai ƙari da ragi. Amma ka bar alaimen ya zama na ƙarshe, bayan shokazoba da bushin, in ba haka ba sau biyu za ka yi.

Golf_Mk5:

Malam kada ka cire. Ni ma na sauke tawa shekara uku ke nan ban taɓa jin irin wannan tsallen ba, amma ni a haɗe na sayi nawa, sifirin da shokazobansa. Kamfanin Bilstein suna da saiti da suke kira B12, sifirin na kamfanin Eibach ne a haɗe da shokazobansu, kuma B8 ɗinsu an gajarta shi musamman don motar da aka sauke. Koni ma suna da mai launin rawaya wanda ake ƙara masa tauri ko a rage. Ka duba wanda aka yi wa ƙirarka. Abin da zan gaya maka tun yanzu shi ne laushin da ka sani a da ba zai dawo ba, duk wani tsagu a kwalta za ka ji shi a ƙugunka. Ni na yarda da hakan, amma wanda ke zama a baya ba lallai ya yarda ba.

Sabon_Direba:

Don Allah Baba ni ma ina da tambaya a kan wannan. Wani ya ce mini ba sai na sayi komai ba, a yanke zagaye ɗaya daga sifirin ɗin da ke jiki, ko a gasa shi da wutar walda har ya zauna. Ya halatta?

TsohonBakanike:

Ɗana kada ka bari a yi maka ko ɗaya. Sifirin ƙarfe ne da aka dafa aka sanyaya da awo don ya riƙa lanƙwasa yana dawowa. Ka sa masa wuta ka kashe wannan dahuwar, wurin da aka gasa zai ci gaba da zama, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, wata rana ya karye. Yanka kuma yana lalata bakin da aka siffanta don ya zauna a mazauninsa, kuma in ya gajarta da yawa, ranar da taya ta faɗa rami ta miƙe har ƙarshe sai ya saki ya fita daga wurinsa. Kuma kada ka kwance notin saman shokazoban gaba ba tare da an matse sifirin da maɗaurinsa ba. Ƙarfin da ke ciki ya isa ya fasa wa mutum fuska.

Injiniya_Ce:

Baba ya gama magana a kan gyara, ba ni da abin ƙarawa a can. Ina so ne in taɓa abin da ɗan'uwa MaiCivic08 ya ji a makon farko, don a nan mutane da yawa suke ruɗewa, su ɗauka rashin kwanciyar mota daidai yake da ƙarin riƙon hanya.

Idan mota ta shiga kwana, nauyi yana barin tayoyin ciki ya koma na waje. Yawan nauyin da ke komawa ya dogara ne da abu huɗu: nauyin motar, ƙarfin kwanar, tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, da faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama. Taurin sifirin ba ya cikin lissafin. Mu ƙaddara motarka kilo 1,200 ce, faɗin tsakanin tayoyi mita 1.5, cibiyar nauyi santimita 55 daga ƙasa, ka shiga kwana da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na jan ƙasa. Nauyin da zai koma waje kusan kilo 352 ne. Ka sauke cibiyar da santimita 3, ya zama kilo 333. Ribar ke nan, kilo 19, kimanin kashi 5 cikin 100. Riba ce ta gaske, amma ba ta kai girman canjin da ka ji a jikinka ba. Abin da ka ji taurin sifirin ne. Bodi ya daina kishingiɗa da yawa, kuma yana gama kishingiɗar da wuri, sai motar ta zama kamar tana amsa maka da sauri.

Akwai kuma abin da saukewa ke ɓatawa, musamman a gaban motarka. Tsarin MacPherson ne, wanda shokazoba da sifirin suke a haɗe a tsaye, hannu ɗaya kuma a ƙasa. Sunan injiniyan Amurka ne, Earle MacPherson, kuma tun farkon shekarun 1950 aka fara ganin sa a motocin Ford na Ingila. Yau yawancin ƙananan motoci shi ne a gabansu. A wannan tsarin akwai wani wuri da ba a gani da ido wanda bodi ke juyawa a kansa idan zai kwanta, mu kira shi cibiyar kwanciya. Kusurwar hannun ƙasa ce ke tantance inda yake. Daga kamfani hannun yana ɗan gangarowa daga bodi zuwa taya. Kana sauke mota yana miƙewa, in ka zarce ya koma yana haurawa sama zuwa taya, kuma cibiyar kwanciya takan sauka fiye da yadda bodin ya sauka. Tazarar da ke tsakaninta da cibiyar nauyi ita ce kamar mariƙin sufana da kwana ke kamawa ta kwantar da mota. Tazarar ta ƙaru, mariƙin ya ƙara tsawo. Shi ya sa wanda ya sauke mota da milimita 60 ko 70 yake buƙatar sifirin mai tauri sosai don kawai ya rama abin da ya ɓata da hannunsa. Milimita 38 ɗinka bai kai nan ba, amma ka leƙa ƙarƙashi mota tana tsaye a wuri shimfiɗaɗɗe ka ga yadda hannun yake. In a miƙe yake ko yana ɗan gangarowa zuwa taya, babu damuwa.

Game da shokazoba, ga ƙiyasi mai sauƙi. Ƙarfin da ake buƙata don kashe lilo yana ƙaruwa ne da tushen murabba'in taurin sifirin. In sabon sifirin ya fi tsohon tauri da kashi 30, ana buƙatar shokazoba da ya fi sabo na asali ƙarfi da kusan kashi 14. Naka kuwa ƙasa yake da sabo, ba sama ba.

Tayoyinka kuma, karkacewar fuskar taya da digiri 0.3 kacal tana nufin a duk kilomita ɗaya ana jan tayar gefe kimanin mita 5. Ka lissafa kilomita nawa ka yi a wata uku. Kamba takan tara nauyi a gefen ciki, jan gefen nan kuma shi ke kankare shi.

Bayan an gama komai a duba saitin fitilun gaba, tunda gaba ya sauka fiye da baya.

MaiCivic08:

Na dawo da labari bayan mako uku. Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Injiniya, na gode ƙwarai, sau uku na karanta bayaninki kafin ya zauna mini.

Na yi gwajin igiyar roba washegari. Ni kaɗai ne a mota, but babu komai, na je aiki na dawo. Da na durƙusa na haska da fitilar waya, ta baya ta dama ta haura har ta nutse a jikin robar, ta hagu saura kaɗan. Hanyar da nake bi kullum ce, ban faɗa wani rami ba. Jikina ya yi sanyi da na tuna ranar yayyafin nan da yara a baya.

Na kai ta wani garejin daban mai ramin shiga ƙarƙashi, don a iya ɗaure noti mota tana tsaye a kan tayoyinta. Da aka ciro shokazoban baya na dama, mai aikin ya miƙo mini ya ce in danna. Da hannu ɗaya na tura sandar ta shige har ƙarshe, kuma ta zauna a can ba ta dawo ba. Sabon da na sayo sai da na kafa shi a ƙasa na hau da nauyin jikina kafin ya motsa, ina saki ya taso a hankali da kansa. Robar nan rawaya kuma ta dama ta riga ta farfashe, na murza ta da yatsa tana zuba kamar busasshen soso. Ke nan a 'yan makonnin ƙarshe kusan ƙarfe ne ke dukan ƙarfe.

An sa shokazoba huɗu irin waɗanda aka yi don motar da aka sauke, da sababbin robobi gajeru da suka zo tare da su. An canja mazaunin sama na gaba biyu tunda an riga an buɗe wurin. An sassauta duk bushin an sake ɗaurewa a ƙasa kamar yadda Baba ya ce, kuma ɗaya daga na baya an tarar ya fara tsagewa, an canja shi. Wani abin da ya ba ni mamaki, bayan an sake ɗaure su na auna na ga bayan ya ƙara sauka da milimita 3. Ashe murɗaɗɗen bushin ɗin yana ɗan tallafe da motar.

Takardar alaimen kafin a taɓa komai ta nuna kambar baya digiri 2.3 a hagu, 2.1 a dama, duk sun jingina ciki. Fuskar tayar baya ta hagu ta kauce da kusan digiri 0.3 daga inda ya kamata, daidai misalin da Injiniya ta bayar. Tayoyin gaba kuma duka biyun sun buɗe waje kaɗan. Mai na'urar ya ce wannan buɗewar takan sa sitiyari ya zama kamar mai kaifi a farkon kwana. Na tsaya na yi shiru, don ashe wani ɓangare na kaifin da na yi ta murna da shi a makon farko ɓacin saiti ne. An sa hannun sama mai ƙari da ragi a baya, an mayar da kamba digiri 1.2 kowane gefe, an daidaita sauran. Tayoyin baya biyu kuwa sun tafi, gunjin nan daga gare su yake, dole na sa sababbi. Na leƙa hannun ƙasa na gaba, kusan a miƙe yake, bai haura ba. Fitilu ma an ɗan ɗaga su.

Na koma kwanar likin nan da sassafe babu kowa a hanya, ni kaɗai. Na bi da 40, sannan 50, sannan 55. Ana jin tudun, tayar tana hawa ta sauka, amma bayan motar yana nan a layinsa, babu dum, babu gocewa. Bayan tudun rage gudu kuma sau ɗaya take yi ta zauna. A doguwar kwanar mai santsi tana nan daram kamar makon farko, sai dai sitiyarin ya rage zumuɗi, ya ƙara nauyi kaɗan a tsakiya, kuma a babbar hanya ba na yawan gyara shi kamar da.

Abin da Golf_Mk5 ya faɗa gaskiya ne, laushin ya tafi. Mai ɗakina ta lura tun ranar farko, ta ce motar ta zama mai faɗa wa mutum duk abin da ke kan hanya. Ƙasan bamba yana gogar gangaren shiga wurin ajiye mota in ban shiga a karkace ba. Na kuma sake ɗaura igiyar roba na ɗauki manya uku a baya, ta kai jikin sabuwar robar, ko da yake ba ta nutse ba. Don haka in da lodi ina rage gudu a gargada fiye da yadda nake yi a da.

Zan bar gajeren sifirin ɗin a jiki, tsohon kuma ba zan rabu da shi ba tukuna. In na ƙara kilomita 1,000 zan sake auna kusurwa huɗun in shafa gefen ciki na sababbin tayoyin, in kawo muku abin da na gani. Baba, tambaya ɗaya ta rage: tun da aka gama aikin nake jin wani ɗan ƙwas-ƙwas a gaba ta hagu idan taya ɗaya ce kawai ta hau tudu, in duka biyun suka hau tare kuma shiru. Sandar sitabilaiza, wadda ta haɗa ƙafar hagu da ta dama, ita zan sa a duba, ko in fara da notin saman shokazoba?